Fentin da Ke Kan Kusoshi

Da Inna ta shiga ofishin 'yan sanda ba ta tsaya sallama ba. Ta wuce kai tsaye, ta tsaya gaban teburin Sufeto tana haki.

"Kai ne ka kulle mini ɗa?"

Sufeto ya ɗago kai. "Zauna, Inna. Wane ne ɗan naki?"

"Ba zama na zo yi ba. Auta. Mai kula da kwamfutoci a kamfanin zanen gine-gine."

Sufeto ya san zancen. Manajan kamfanin ne ya kawo ƙara, cewa sun sayi sabuwar babbar na'ura da suke kira saba, Auta ya buɗe ta ya cire ƙwaƙwalwarta, ya saka tsohuwa. Auta ne mai riƙe makullin ɗakin da take. Gobe za a kai shi kotu.

Maganar kotun nan ce ta kawo Inna. Ita ba ta san ƙwaƙwalwar ƙarfe ba, amma ta san wanda ya shiga gidan yari ba ya fitowa da sunansa.

"Ɗana ko cokali bai taɓa ɗauka ba. Ka tashi mu je ka gani da idonka, ba da bakin wani ba."

Sufeto ya dube ta, ya ɗauki hularsa.

A kamfanin, ɗakin na'urar ƙarami ne, sanyi kamar cikin firji. Sabar na tsaye a kusurwa, baƙa wuluk, tana sheƙi tana gurnani. Manaja ya tarbe su da fara'a, har da cewa a kawo wa Mama kujera.

"Ban haife ka ba," in ji Inna.

Manaja ya yi dariyar yaƙe, ya jawo wata siririyar laftof. "Yallaɓai, ga shaida. Zanen gini ɗaya zan ba su su fitar."

Ya danna nan, ya danna can. Sabar ta ɗauki ƙara kamar za ta tashi sama. Laftof ɗin ko tari ba ta yi ba ta gama, ta bar babbar tana ta faman nishi.

"Ka gani? Wannan 'yar abar ta kayar da ita. In da ba a taɓa cikin babbar ba, ina za ta fara?"

Inna ta dubi babbar, ta dubi ƙaramar. Ko ita ta ga wadda ta riga.

"Kafin satar fa," in ji Sufeto, "an taɓa gwada su haka?"

"Ba buƙata. Kowa ya san gudunta."

Sufeto ya sa aka kira mai zanen kamfanin, wata siririyar mata mai tabarau. Ya tambaye ta yadda na'urar take a da. Ta saci kallon Manaja, ta ce lafiya lau take aiki.

"To a kan wacce kike fitar da zanenki?"

Ta sake satar kallon Manaja.

Inna ta matso kusa da laftof ɗin. Akwai abin da ta ɓoye tun safe, don tsoron kada ya ƙara wa Auta laifi. Ta rasa yadda za ta yi, sai kawai ta furzar.

"Wannan siririyar na'urar, gidana take kwana. Kullum sai Auta ya zo da ita, ya ce ƙatuwar ba ta da sauri, a nan zai ƙarasa musu aiki. In sata ce wannan, ku haɗa da ni."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun satin da suka kawo wannan mai gurnanin."

Mai zane ta sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Yallaɓai. Tun ranar farko haka sabar take. Manaja ya ce duk wanda ya gaya wa mai kamfani, a bakin aikinsa."

"Ƙarya ce," in ji Manaja.

Sufeto ya matsa kusa da sabar. Ya durƙusa bayan na'urar, ya haska fitilar wayarsa kan kusoshin murfin. Ya kankare ɗaya da farce.

"Manaja, zo ka duba. Baƙin fenti ya rufe kusoshin nan ruf, har ramin da sukudireba ke shiga. Ba wanda ya taɓa kwance su tun da aka fesa. Ta ina Auta ya shiga, ta ramin iska?"

A ƙarƙashin inda ya kankare, wani tsohon fenti ruwan toka ya leƙo.

Manaja ya nemi kujerar da aka kawo wa Inna ya zauna. Ya ce tsohuwa ya saya a wurin masu gwanjo, ya sa aka fesa ta, ya ce wa mai kamfani sabuwa ce. Ya ɗauka tunda ƙatuwa ce mai ƙwaƙwalwa biyu, ba wanda zai gane. Bai san laftof ɗin yanzu ta wuce ta ba. Da mai kamfani ya fara tambayar dalilin jinkiri, sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

"Sai ka ga ɗan wadda ba ta yi boko ba," in ji Inna.

Sufeto ya sa wa Manaja ankwa. Da za su fita, Inna ta tare ƙofa.

"Ba haka za ku wuce ba. Ta gaban ma'aikata kuka fita da ɗana, ta gabansu za ku dawo da shi. Shi kuma wannan ya tsaya nan ya jira, ya ga shigowarsa."

Sufeto ya dubi Manaja, ya dubi tsohuwar, ya ciro waya ya ce a kawo Auta.