Baƙon Da Ke Cikin Jinin Dogo

Ta ƙasan gilashin tagar karɓar samfur ya turo mini takardar, ko gaisuwata bai amsa ba.

Na ɗauka na duba. Haruffa biyu ne kacal da jan biro, har an zagaye su don kada wani ya ce bai gani ba.

AS.

"Uwar kwalabe..." ya ce.

Shekara biyu Dogo, wanda zan aura, yana kirana da sunan nan, ban taɓa jin ya faɗe shi babu dariya a ciki ba sai ranar. Mutumin da ke hawa bene mai hawa shida yana yi wa magina tsawa, ga shi a gabana yana murza hularsa kamar ɗalibin da aka kora daga aji. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ya riga ya karaya tun kafin ya ji ta bakina.

Ni AS ce, kuma babu wanda bai sani ba. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana iya zuwa da ɗa mai sikila. Ni ba a littafi na fara karanta wannan ba. Autanmu shekararsa goma sha ɗaya ya yi a duniya, rabinsu a gadon asibiti, ni ke dafa ruwa ina gasa masa gwiwoyi yana cije filo don kada Mama ta ji kukansa. Ranar da aka fita da shi na ɗaukar wa kaina alkawari, ko wa nake so, in dai AS ne, na haƙura. Baba bai tilasta mini ba, ni na faɗa da bakina.

Dogo ya ce Ummansa ta riga ta kira Baba tun da safe, ta ce a dakatar da maganar sa rana, kowa ya rungumi ƙaddara. Ban yi mamaki ba. Umma dama ba ta taɓa yi da ni ba, cewa take yi yarinyar da ke wuni tana jagwalgwala jini da fitsarin mutane ba za ta dafa wa ɗanta abinci ba. Akwai wadda take so, 'yar gwaggonsa, ita ma ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani asibitin kuɗi. Wato nata fitsarin turare ne.

Na sake duba ƙasan takardar. Sa hannun 'yar gwaggon ne, da lanƙwasar nan da take yi wa wutsiyar sunanta.

"Kafin ta ɗebi jininka, ta tambaye ka ko an yi maka ƙarin jini kwanan nan?"

Ya girgiza kai.

"To je ka aiki," na ce. "Kada ka kuskura ka yi mini zaman makoki tun ban mutu ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga yana son ya yi murmushi yana tsoro.

Sati biyar kafin wannan rana, katakon da Dogo ya taka a wurin gini ya karye da shi, ƙarfe ya yanke shi a cinya. Ya zubar da jini sosai, sai da aka ƙara masa leda biyu. Tambayar ƙarin jini kuwa ita ce ta farko a kowace takardar gwaji irin wannan, ko ɗalibin da ya zo koyon aiki jiya ya san da ita. 'Yar Gwaggo kuma ba za ta ce ba ta sani ba, ita ce ke zarya da kwanukan abinci lokacin yana kwance, tana wuce ni a baranda kamar ta ga bango.

Da lokacin hutun rana ya yi, na cire farar rigata na nufi asibitinsu.

Na same ta tana goge tebur. Ta tare ni da fara'a har da jajantawa, wai ita ma abin ya taɓa ta, amma lafiyar 'ya'ya ta fi soyayya. Na bar ta ta gama wa'azinta, sannan na ce ta nuna mini takardar gwajin kanta, ba sakamakon ba.

Gwajin da suke yi a can na lantarki ne. Za ka ɗiga jini a gefen wata siririyar takarda mai danshi, ka sakar mata wuta, sai sinadaran jinin su kama tsere. Na A ya fi ƙafa, shi ke yin gaba, na S ya biyo baya, kowanne ya tsaya ya yi layinsa. A mai AS na gaskiya, layukan biyu a fili suke, daga bakin ƙofa ma kana hango su.

Ta yi ta jan ƙafa tana buɗe durowa tana rufewa. Da ta ga na ja kujera na zauna har na ɗora jaka a cinya, ta ciro ta miƙo mini.

Layin A ya fito baƙi ƙirin. Na S kuwa sai da na ɗaga takardar saitin taga, na ƙanƙance ido, sannan na ga wata 'yar inuwa.

"Wannan kika rubuta wa AS?"

"Layi dai layi ne," ta ce. "Abin da na gani na rubuta."

"Kin gani, kin kuma san daga inda ya zo."

Ta ci gaba da goge teburin da ya riga ya bushe. Ban zage ta ba, ko da yake zagin ya zo mini har leɓe. Na ce mata dai aikin nan rayuwar mutane ake rubutawa a cikinsa, wata rana wadda za ta yi wa haka ba ta san inuwa da layi ba, sai ta je ta haƙura da mijinta a banza.

A ɗakin gwajinmu akwai doka, shugabanmu ne ya kafa ta, wani dattijo da muke kira Baba Tabarau. Ba ka taɓa samfurin naka. Ɗan'uwa, maƙwabci, saurayi, ko kusa da kwalbar ba za ka je ba, don a cewarsa ido yana ganin abin da zuciya ta aiko shi ne. Na sha yi wa dokar nan tsaki a ɓoye. Ranar kuwa na gode mata, don na san ko me ya fito, babu mai cewa hannuna ne.

Washegari Dogo ya zo. Baba Tabarau ya ɗebi jininsa da kansa, ya manna wa kwalbar lamba maimakon suna, ya sa ta cikin sauran, sannan ya nuna mini ƙofa da haɓa.

Tamu na'urar ba tsere take sawa ba, riƙo take yi. Ana tura samfurin cikin wani siririn bututu da aka cusa wa gari mai laushi. Garin yakan riƙe kowane sinadari gwargwadon halinsa, wani ya fito da wuri, wani ya makara, duk wanda ya fito sai ya zana tudu a allon kwamfuta. Girman tudun shi ne yawan abin. Da irinta nake kama maganin jabu kullum, a rubuta a kwalba akwai kaza da kaza, na'ura ta ce ruwan sukari ne da kala.

Na koma ɗayan ɗakin ina auna maganin zazzaɓin yara da aka kawo mana. Sau uku ina karanta lamba ɗaya. Gaskiya na ji tsoro. Na san aikina, na san abin da ya kamata ya fito, amma kafin ƙarin jinin Dogo bai taɓa yin gwajin nan ba a rayuwarsa, idan tudun S ya fito babba, shi ke nan na rasa shi, kuma da ƙafata zan tafi.

Baba Tabarau ya leƙo ya yafito ni.

Tudu ɗaya ne ya tashi har kusan saman allo. Can bayansa ga na S, wani ɗan mitsitsi, kamar kan yatsa.

"Huɗu cikin ɗari," ya ce. "Mai AS na haihuwa yakan kusa arba'in. Wannan baƙo ne, a leda ya shigo."

Na yi hamdala a raina.

Ya zame tabaransa ya dube ni ta samansa, irin kallon da yake yi wa kwalbar da aka manta ba a rufe ba. Ya ce ya tuna wata rana da la'asar, sati biyar da suka wuce, na fita a guje ban nemi izini ba, na dawo da auduga a gwiwar hannu ina neman abin sha mai zaƙi.

"Ke ce ko?"

Na sunkuyar da kai.

Rukunin jinin Dogo mai wuyar samu ne, asibitin leda ɗaya gare su, ni kuma irinsa gare ni. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana ba da jini. Na roƙi ma'aikatan kada su faɗa wa kowa. Ba na so Umma ta ce na sayi ɗanta da jini, ba na kuma so Dogo ya dube ni wata rana ya kasa gane ko so yake yi ko godiya.

Baba Tabarau ya ce duk da haka ba zai rubuta AA ba, sai an ƙara wata uku jinin aro ya gama ƙarewa, a sake gwadawa. Na ce da ya rubuta yanzu, ni zan fara yaga takardar.

Ranar hutu na shirya na je gidansu Dogo da takardar a jaka. Na durƙusa na gaishe da Umma, ta amsa tana kallon talabijin. 'Yar Gwaggo na gefe tana yanke farce. Dogo ya zauna a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa ƙafafunsa.

Na shimfiɗa takardar a kan ƙaramin tebur na yi bayani a hankali, ga babban tudu na ɗanta, ga ƙarami na wanda ya ba shi jini. Umma ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. Maimakon ta huce, sai ranta ya ƙara ɓaci. Ta ce wato jinin mara lafiya aka ɗura wa ɗanta, ita kuma tana nan duk bayan salla tana yi wa mai jinin addu'a, ba ta taɓa fashi ba. Ta ce sai an nemo mata ko wane ne, ta ji dalilin da zai kwaso ciwonsa ya zuba wa yaronta.

Dogo ya fara ba ta haƙuri. Na ɗaga masa hannu.

"Ba ciwo ba ne, Umma. Zai fita da kansa nan da wata uku."

"Ke kika san mai shi da za ki tsaya masa?"

"Na san shi..." Na ɗora yatsa a kan ƙaramin tudun. "Nawa ne."

Abin yanke farcen ya daina ƙara.

Dogo ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Umma ta cire tabaran ta riƙe a hannu. Ta dubi takardar, ta dubi ɗanta, sannan ta dube ni, karo na farko da ta kalle ni ido cikin ido tun da na fara shiga gidan.

"Duk addu'ar nan ke nake yi wa?"

"Ina ji a jikina, Umma. Allah ya saka da alheri."

Ban tsaya nan ba, don ba tausayi na zo nema ba. Na ce mata a ba mu wata uku. Idan aka sake gwaji tudun nan yana nan, ni da kaina zan dawo da duk abin da aka kai gidanmu, ba sai an aiko ba, don na binne ƙane ɗaya, ba zan haifi wanda zan binne ba.

Umma ta juya wajen 'Yar Gwaggo ta tambaye ta ko ta san ƙarin jini yana kawo haka. Ta ce ai mantawa ta yi. Umma ta ce wanda ya kai abinci asibiti kwana tara ba ya mantawa, ta tashi ta ba mutane wuri. 'Yar Gwaggo ta fita ba ta ɗauki mayafinta ba, sai da aka bi ta da shi.

A zaure Dogo ya tare ni, idonsa ya yi ja.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, uwar kwalabe?"

"Da ka dame ni da godiya. Ni kuma so nake so."

"Ai duka biyun kin jawo wa kanki," ya ce.

Wata ukun nan sun yi mini tsawo, ba zan ɓoye ba. Umma ta kira Baba ta janye maganarta, har ta fara aiko mini da abinci wurin aiki, wai in mayar da jinin da na zubar. Ni da ke jagwalgwala fitsari, yau ni ake zuba wa nama biyu.

Ranar gwajin ƙarshe Baba Tabarau ya sake korata waje. Wannan karon Umma ce zaune kusa da ni a benci, tana jan carbi da sauri kamar ana biyo ta. Da ya fito ya miƙa wa Dogo takardar, ni ce na fizge.

Tudu ɗaya tal. Bayansa layi ya miƙe sumul har ƙarshen takarda.

Umma ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana ta hamdala. Dogo kuwa ya karɓi takardar yana ta kallon wurin da ɗan tudun yake a da, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Na tambaye shi lafiya, ya ce shi fa bai ji daɗi ba gaba ɗaya, ya saba yana yawo da ni a jikinsa.

An ɗaura aurenmu bayan sati shida. Takardar AA tana cikin durowa tare da takardun makaranta, babu mai waiwayarta. Waccan ce, mai huɗu cikin ɗari, Dogo ya sa wa gilashi ya rataye a falo. Duk baƙon da ya tambaya ko zanen wane gini ne, sai Umma ta riga shi amsawa, ta ɗora yatsa a kan ƙaramin tudun ta ce, "Wannan 'yata ce."