Ɗaurin Roba a Ƙarƙashin Jif

Ƙarfe tara na safiyar Talata aka bugo wa Sufeto Tukur waya cewa jif ɗin Alhaji Barau ta wuntsila a hanyar Aliero, kilomita tara daga Jega. Direban, Jibrin, ya cika kafin a kai shi asibiti.

Kafin azahar Alhajin ya cika caji ofis da hayaniya. Babban dillalin albasa ne a unguwar Jega Magaji, irin mutanen da ba su saba a ce musu su zauna su jira ba.

"Wanga bakanike Shadrach shi yak kashe min direba!" ya daki tebur. "Ran Assabar yag gyara ƙahwahun motar. Tun sannan tana aje gida, ba wanda yat taɓa ta sai yau. Ku kai shi kotu, in ba haka ba mutanena su ƙone garejin."

Ba barazanar banza ba ce, don matasa sun riga sun taru a bakin garejin da jarkar fetur. Sufeto ya sa aka kawo Shadrach bayan kanta, ya ajiye kurata biyu su tsare wurin.

Shadrach mutumin Zuru ne, shekara goma sha ɗaya yana gyaran wutar mota a Jega. Bakinsa ya kumbura, wani ya riga ya yanke masa hukunci da hannu.

"Mi ka yi ma motar?" in ji Sufeto.

"Jakar iska ta baya na canja, ta hagu. Motar ba sifirin ƙarfe gare ta ba, ranka ya daɗe. Jakunkuna huɗu ke ɗauke da ita, kwamfaresa na hura su."

"Kuma wadda ka canja ita ta hwashe."

"Sabuwar jaka ba ta fashewa haka kawai. Ku kai ni wurin motar da na'urata ta gwajin mota. In ni ne, ita da kanta za ta faɗa."

Sufeto bai yarda da shi ba, amma ya fi ƙin a ce Alhaji ne ya rubuta masa rahoto. Da la'asar aka kai Shadrach da ankwa a hannu inda aka jawo motar. Aka jona batir, ya soka wayar na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallon gilashinta.

"Kowace taya tana da sansa, wani ɗan hannu ne mai gaya wa kwamfuta tsayin motar. Na bayan hagu ya yi ta cewa motar ta zauna ƙasa, alhali ba ta zauna ba. Sai kwamfaresa ya yi ta hurawa har jakar ta gaji."

"Ashe kai ka ɗaura shi ba daidai ba."

"Dubi nan. Kwamfutar tana rubuta lambar mita lokacin da matsala ta fara. Wannan ta fara ne bayan kilomita arba'in da ɗaya da barin garejina. Katin aikin yana aljihuna, lambar ranar Asabar na jiki. Yanzu kuma mita ta ƙaru da kilomita casa'in da shida a kan ta Asabar."

Sufeto ya gwada lambobin sau biyu. Motar da aka rantse tana ajiye ta yi tafiyar da ba wanda ya ambata.

Ya cire hula, ya kwanta a ƙasa ya leƙa bayan tayar. Ɗan hannun sansan a karye yake, an naɗe shi da tsinken robar tsohon tub na taya, an ja shi ya gajarce, an cusa bakin robar ƙarƙashin naɗin ba ƙulli. Sufeto ɗan manomin fadama ne. Haka ake ɗaure tiyo a bakin injin ban ruwa, kuma ba bakaniken da zai yi wannan ɗaurin. A bayan motar, ƙarƙashin darduma, ya tarar da ɓawon albasa da busasshiyar laka.

Washegari ya je gidan mamacin. Matarsa Iklima ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dishe.

"Ran Littinin bai hita ba, masassara garai. Waliyyu yaz zo da hantsi yak karɓi makulli. Bai maido ba sai bayan la'asar."

Waliyyu babban ɗan Alhaji ne, shi ke kula da gonar fadama da rumbunan albasa a ƙauyen Jiga Makera. Aka kira shi ofis, ya zo tare da ubansa, yana taunar asawaki kamar an gayyato shi suna.

"Ina ka kai motar ran Littinin?"

"Wanki."

"Wankin kilomita tamanin da wani abu?"

"Mita na ƙarya. Tsohuwar mota ta."

"Iklima ma ƙarya takai?"

"Sufeto, ka kiyaye!" Alhaji ya miƙe. "Ɗana za ka tuhuma kan wani baƙo?"

Sufeto bai ko kalle shi ba. Ya ajiye ɗan hannun sansan a tebur da robarsa, ya ajiye hoton tiyon injin gonarsu da sajan ɗinsa ya ɗauko da safe. Naɗi iri ɗaya, roba iri ɗaya.

"Mai awon albasa a kasuwar Maiyama ya gane motar. Buhu goma sha biyu ka sauke, ranar da Alhaji ya tahi Birnin Kebbi. In kira shi ya shigo?"

Asawakin ya faɗo daga bakin Waliyyu.

"Baba, albasarka ta, na ɗiba na saida," ya ce da ƙyar. "Lodi yay yi yawa, na hwaɗa rami bakin hwadama, abin ga yak karye, mota taz zamna. Na ɗaure shi sai tat tashi. Na ga har ta hi da tsawo, na ce ta gyaru."

"Ka gaya ma Jibrin?"

"In na hwaɗa mishi, Baba zai ji."

Alhaji Barau ya koma kujera a hankali. Da ya sake magana, muryar ta yi laushi har ta ba Sufeto haushi.

"Sufeto, wagga magana ta gida ta. A bari mu gyara tsakaninmu."

"Akwai gawa cikinta, Alhaji. Sajan, sa mishi ankwa."

Aka fito da Shadrach daga bayan kanta, aka shiga da Waliyyu, suka gifta juna a ƙofa. Alhaji ya kau da kai.

Sufeto ya miƙa wa Shadrach na'urarsa. "Garejinka na nan, ba a taɓa ba."

"Shekara goma sha ɗaya ina gyara musu mota," in ji Shadrach. "Wanda ya riƙe jarkar fetur jiya, ni na koya masa tuƙi."

Ya rungumi na'urar ya fita, bai nemi a raka shi ba.