Motar Harlan Voss da Injinta

A taƙaice, kamar yadda maganar ta shiga kundin kotun gundumarmu a jihar Michigan, inda na yi aikin magatakarda har na yi ritaya: mutum uku ɗauke da makamai sun shiga gonar wani dattijo mai suna Harlan Voss da rana tsaka, suka raunata shi, suka tafi da motarsa. Daga baya suka sace wata mata domin ta tantance musu motar. An yi harbi, an yi gobara. A nan kundin ya tsaya. Bai faɗi dalilin da ya sa mutum ya harbe ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ba, domin takardun hukuma ba su da gurbin rubuta wauta. Gurbin nan nake son cikewa.

Motar ƙirar 1970 ce, ruwan lemo, irin masu ƙaton injin nan da kamfanonin birnin Detroit suka ƙera kafin mai ya yi tsada, kuma kaɗan aka yi irinta. Masu tara irin waɗannan motoci ba kyau suke saye ba, ba kuma gudu ba. Lamba suke saye. Idan lambar da aka buga a jikin inji ta dace da wadda ke jikin mota, to ta fi gida tsada. Idan ba su dace ba, tsohuwar mota ce kawai mai shan mai.

A wani gidan abinci na bakin hanya aka ƙulla abin, ana karyawa da soyayyen ƙwai da kofi. Shugaban shi ne Vernon Pruitt, wanda kurkuku bai koya wa komai ba sai imanin cewa duk wanda ya buɗe baki ƙarya zai yi. Sai ƙaninsa Lonnie, bakanike, mutumin da ya fi jin yaren inji a kan na mutane. Na ukun Odell Tate ne, ƙato, wanda ake tafiya da shi domin a rage yawan bayani. Vernon ya shaida musu cewa akwai wani attajiri a nesa da ke son motar, da sharaɗi ɗaya: lambobi su dace. Lonnie ya ce shi dai a bar shi ya tuƙa ta, ko ba a ba shi komai ba.

"Ji sakarai," in ji Vernon. "Mama ma ta ce da sifana a hannu aka haife ka. Ka tuƙa, ka ɓoye ta a garejinka, kada ka taɓa min ita. Ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Ranar Asabar suka je. Harlan yana cikin garejinsa yana cin burodi da nama, a kan wani gajeren tebur da aka lulluɓe da mayafi har ƙasa. Karensa ne ya fara fitowa. Odell ya harbe shi a bakin ƙofa. Tsohon ya miƙe, Vernon ya tare shi da gindin bindiga a goshi. Ya faɗi. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Suka ja shi, suka ɗaure shi da sarƙa a jikin teburin. Odell ya tura teburin da ƙafa don ya gwada, bai ko motsa ba, ya ce wannan tebur ya fi uwar matarsa nauyi.

Lonnie ya murza makulli. Motar ta yi gurnani har kwanon rufin ya amsa. Harlan ya ɗago kai da ƙyar.

"Ku saurara, yara," ya ce. "Injin nan..."

"Rufe mana baki, tsoho!"

Vernon ya sake kai masa gindin bindiga, wannan karon a muƙamuƙi. Ƙas! Ƙashi ya karye. Abin da Harlan ya so faɗa ya koma ciki tare da haƙoransa, su kuwa suka fice da motar.

Wata 'yar sanda, Sajan Bernice Ruiz, ce ta karɓi binciken. A asibiti ba ta samu komai ba, domin likitoci sun ɗaure muƙamuƙin tsohon da waya, sun kuma sa shi barci. Ta koma garejin, ta tsaya a gaban teburin da sarƙa ke rataye a jikinsa, ta ɗage mayafin da jini ya ɓata. Ƙarƙashin wani faifan gilashi mai kauri, inji ne zaune a kan ƙafafun ƙarfe, an shafe shi da mai, yana sheƙi. Maƙwabcin Harlan ya yi mata bayani cikin mamakin cewa ba ta sani ba: ai mai hankali ba ya yawo da ainihin injin irin wannan mota. Cire shi ake yi a adana, a sa wani na banza a riƙa zuwa coci da shi. Sajan ta ce ke nan ɓarayin sun ɗauki rabin kaya sun bar rabi, kuma ranar da suka gane haka wani zai ji a jikinsa.

A can garejin Lonnie kuwa, alkawari bai yi tsawon rai ba. Ya ji wata 'yar ƙara a injin da ba ta gamshe shi ba. Da farko ya juye mai kawai. Sai ya ɗaure notin da ya ga ya saki. Sai ya kwance wannan, ya wanke wancan, ya goge komai tas, ya riƙa ba ta wuta yana saurare kamar likita, har wata maƙwabciya ta kira 'yan sanda ta ce tagoginta suna rawa. Ba satar komai ya yi ba. So ne kawai, irin wanda ba a tambayi mai shi ba.

Attajirin ya aiko cewa ba zai karɓi mota ba sai da shaidar Darlene Kuchar, wata dattijuwa da duk yankin ya yarda da idonta a kan tsofaffin motoci. Vernon bai ga dalilin neman izininta ba. A wurin ajiye motoci na wani kanti Odell ya cusa ta cikin a-kori-kura, ya murɗe mata hannu har ya goce. Suka kai ta garejin, Vernon ya ɗora mata bindiga a ƙeya, ya ce abin da aka tambaye ta kawai za ta amsa, ba ya son lacca.

Da hannu ɗaya ta yi aikin. Ta duba farantin lamba ta gilashin gaba, ta shafa ƙusoshin da suka riƙe shi, ta leƙa inda aka buga lambar a ɓoye a jikin ƙarfe, ta bi walda da yatsa. Ta ce jikin motar na gaske ne, babu tantama. Lonnie ya yi dariya, ya daki kafaɗar yayansa. Sannan ta kwanta a ƙasa da tocila da ɗan madubi, ta shiga ƙarƙashin inji. Ta daɗe.

"Madam, ba barci muka kawo ki ba. Lambobin sun dace?" in ji Vernon.

"Ba su dace ba. Wannan injin ba nata ba ne."

Vernon ya sunkuya ya dubi injin da kansa. Ba ya gane lamba, amma yana gane sabon mai, da ƙarfen da aka goge, da sawun sifana mai haske a kan kowane noti. Ya tambaye ta ko an taɓa injin nan kwanan nan. Ta ce an taɓa, sannan ta yi sauri ta ƙara da cewa akwai abin da ya kamata ya sani, masu irin wannan mota sukan...

Mari ya katse ta. Tabaranta ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin mota.

"Ina ka kai shi, Lonnie?"

"Kai me? Yaya, mai kawai na juye, na ɗan ɗaure..."

"Na ce kada ka taɓa. Wa ka sayar wa?"

"Na rantse da kabarin Mama, yadda muka ɗauko ta haka take. Ka tambayi matar nan mana, ka bar ta ta gama magana."

"Kun haɗa baki ke nan."

Lonnie ya ɗaga hannuwa, sifana tana hannunsa na dama, domin bai san ma yana riƙe da ita ba. Vernon ya ja kunama. Tau! Tau! Lonnie ya jingina da motar, ya sulale a hankali, ya bar jan layi a kan fentin lemo. Bai sake motsi ba.

A daidai lokacin jiniya ta karyo kwana. Sajan Ruiz ta haɗa ƙorafin maƙwabciyar nan da ɓatan Darlene, ta taho da motoci uku. Odell ya shaƙo wuyan Darlene ya yi garkuwa da ita, ya ƙwalla wa Vernon kira ya buɗe masa ƙofar mota. Vernon ya tsallake gawar ƙaninsa, ya shiga, ya kulle ƙofa ta ciki. Ya taka totur. Motar ta fasa ƙofar garejin ta fita da katako a kan bonet. Odell ya juya yana zagi, Darlene ta sulale ƙasa, harsashin Sajan ya same shi a maƙogwaro.

A miƙaƙƙiyar hanya babu motar 'yan sandan da ta ko hango ƙurarsa. Lonnie ya gyara injin nan da kyau, wannan kam dole a ba shi. Amma motocin wancan zamani an ƙera su ne domin gudu, ba domin kwana ko tsayawa ba, kuma wanda ya san haka yana kwance a gareji. A kwanar gadar kogi Vernon ya taka burki. Bayan motar ya wuce gabanta. Ta daki ginshiƙi, ta wuntsila, tanki ya fashe. Wuta! Da ƙafafu aka jawo shi, ƙafafun da bai sake takawa da su ba.

Ina zaune a ƙasan kujerar alƙali ranar da Darlene ta ba da shaida. Mai gabatar da ƙara ya roƙe ta ta ƙarasa maganar da aka katse mata da mari. Ta ƙarasa, cikin natsuwa, kamar mai karantar da yara. Sannan aka nuna hoton teburin ba mayafi. Vernon ya daɗe yana kallonsa daga keken guragu.

"Wanda muka ɗaure tsohon a jikinsa?" ya tambaya.

Alƙali ya ce ba a ba shi izinin magana ba. Ni dai na rubuta, domin aikina ke nan.

Ga abin da aka kashe. Lonnie Pruitt, rai. Odell Tate, rai. Kare ɗaya. Darlene Kuchar, hannun dama, da sana'ar da ta bari daga ranar. Harlan Voss, ido ɗaya da haƙoran ƙasa. Vernon Pruitt, ƙafafu biyu, ƙani ɗaya, da ɗaurin rai da rai. Motar ta ƙone har farantin lambarta ya narke.

Injin yana nan lafiya lau, lambarsa ba ta da aibi, sai dai babu sauran abin da za ta dace da shi a duniya. Harlan yana shan romo a kansa.