Maki Biyu Cikin Goma

Auta na kwance a doguwar kujera, littattafan soyayya uku a kan cikinta, wanki kuwa na jiƙe a bokiti tun safe. Ba ta cika shekara da auren Dogo ba, direban motar ɗaukar marasa lafiya. A guruf ɗinsu na karatu a waya musu ya kaure tsakanin ƙawaye: cikin mazan littattafan nan uku, wa ya fi iya riƙon mace?

Ta danna waya ta soma naɗar murya.

"Ku tsaya ku ji alƙalanci! Likitan littafin farko na ba shi takwas, ya iya lallashi, sai dai kishi kamar ya haɗiye ta. Matuƙin jirgin nan tara, mutumin da ya fasa tafiya don matarsa na ciwon kai! Amma Soja goma cif, ga kwarjini ga kyauta. Nawa ogan kuwa," ta tuntsire da dariya, "biyu, shi ma don kar a ce na yi rowa. Sannu da gida, ina abinci, sai munshari. Soyayyarsa ba ta wuce ya tambaye ki ko gas ya ƙare ba!"

Ta tura, ta tafi wankinta. Da ta dawo ta tarar da kira rututu. Ta duba. Ashe guruf ɗin dangin mijinta ta tura!

"Innalillahi! Na shiga uku!"

Ta yi maza ta yi dilit, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Anti, yayar Dogo, ta sake kira.

"Hajiya na nemanki. Yanzu!"

A falon surukarta ta durƙusa ta gaisa, ba wanda ya amsa. Anti ta kunna muryar, dariyar Auta ta cika ɗakin, ita kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Har ƙannensa sun fara kiransa Mai Biyu," in ji Anti. "Yaron da ke kwana a titi don ki ci ki ƙoshi!"

Ana haka Dogo ya yi sallama, kayan aiki a jikinsa, idonsa jawur. Bai kalli Auta ba, ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa.

"Ka ji da kunnenka," Hajiya ta ce. "In ni na haife ka, yau ka sallame ta, ta je ta auri na goman."

Auta ta fashe da kuka. "Hajiya ki yi mini rai, wallahi wasa nake! Mutanen nan babu su, a littafi suke!"

"Da mutumin takarda kika auna mini ɗa? To faɗa mini, me Sojan ya yi ya ci goma?"

Auta ta amsa: "Ya… ya sayo wa matarsa mota. Don ya ba ta haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Ya mare ta ne. Ya kulle ta a ɗaki, ya hana ta zuwa ganin gida."

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta a kunnenta.

"Ikon Allah!" Hajiya ta riƙe haɓa. "Likitan fa?"

"Shi yana bincika mata waya, ya raba ta da ƙawayenta."

"Mai jirgin?"

"Ya ɓoye mata yana da wata matar." Muryarta ta koma can ƙasa.

"Mai mari, da mai zargi, da maƙaryaci. Ɗana ya taɓa ɗaga miki hannu?"

"A'a."

"Ya taɓa hana ki gidanku?"

"Shi yake kai ni."

Hajiya ta juya ga ɗanta. "Ina jiranka."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ban taɓa saɓa miki ba, kuma maganar nan ta ƙona ni," ya ce a hankali. "Amma ina roƙon arziki. Ta yi kuskuren wurin faɗa, sai dai ba ta yi mini ƙarya ba. Ba na hira da ita. Ina wuni da masu rai a hannun Allah, wani yakan cika kafin mu kai ƙofar asibiti. In na dawo sai in kulle bakina, don kar in shigo mata gida da wannan damuwar. Na ɗauka tausayi nake mata, ashe kaɗaici na bar ta da shi."

Auta ta dafa ƙasa, kuka ya ci ƙarfinta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayarsa yadda ya wuni ba.

"Kai dai ka cika sanyi," Anti ta yi tsaki.

"Ya isa!" Hajiya ta katse ta. Ta ɗauke kai tana goge ido da gefen mayafi. "Ke Auta, albarkacinsa kika ci. Inda kika zubar masa da mutunci, nan za ki kwashe shi."

Nan take Auta ta naɗi wata muryar, tana shessheƙa, ta nemi gafarar mijinta a gaban dangi kaf. Sannan Hajiya ta sa musu albarka.

A hanyar gida suna tafe, can ta kama bakin rigarsa.

"Yaya aikin yau?"

Ya dube ta, ya sauke ajiyar zuciya. "Wata mata ta haihu a bayan motata. Da ita da jaririyar duk suna lafiya."

Ya shiga ba ta labari, har suka wuce ƙofar gidansu ba su ankara ba.

Haƙurin Dogo ya ceci aurensu. Auta kuwa ta gane cewa mijin littafi marubuci ne ke sa masa magana a baki, mijin gaske kuwa sai an zauna an saurare shi kafin a san darajarsa, kuma sirrin miji ba abin raha ba ne a bakin matarsa.