Jirgin da Ya Bi ta Gidan Treloar

Ƙusar layin dogo da ya ɓamɓaro da hannunsa. Safa cike da alkamar bana. Kwalbar giya. Mabuɗin gidansa. Abin da ke kujerar gefe a motarsa ke nan lokacin da Lindsay Treloar ya sauka daga kwalta, ya bi gefen mataccen layin dogo, ya janyo hula kada wani manomi ya gane shi.

A kan layin nan ake rigima. Gwamnatin jiha ta ce ta bai wa kamfanin jiragen ƙasa na kaya hayarsa, shi zai gyara. Kamfanin ya ce ƙarfe na gwamnati ne, ta gyara abinta. Jirgi ya daina zuwa, alkama ta koma kan tirela, Lindsay kuwa da tirela yake ci. A taron gari shi ya fi kowa kumfar baki a dawo da jirgi. Sai labari ya zo daga Perth, babban birnin jihar, cewa gwamnati da kamfanin sun kusa shiryawa.

Vukas, tsohon leburan dogo, a wata tasha da aka watsar yake zaune. Bangon ɗakinsa ƙusoshi ne masu tsatsa, kowace da jan ƙyalle. A tsakiya guntun dogo ne, jini ya mai da shi baƙi, ƙoƙunan kan tumaki kewaye da shi. Jar fitila na ci da rana tsaka, babu mai a cikinta.

"Mai jawabin taro," in ji Vukas. "An ce har hawaye ka yi wa jirgi."

"Ba surutu ya kawo ni ba, tsoho. So nake kada su shirya."

"Da sauƙi. Layin da kowa ya ce ba nasa ba, sai a yi masa mai shi. Kai."

"Me zan biya?"

"Jirgi ba ya fasa tafiya don manya na faɗa, yaro. Ka hana shi ƙarfe, sai ka ba shi wata hanya. Kawo mabuɗin."

Lindsay bai tambayi wace hanya ba. Tsohon ya kafe mabuɗin da ƙusar a gindin dogon, ya zuba alkama, ya tuttula giya. Ƙarfen ya ɗauki rawa.

Sulhu ya rushe. Tireloli suka cika harabar Lindsay. Maƙwabta suka ci gaba da ba shi hannu, suna kiransa jarumin jirgi, shi kuwa ƙasa yake kallo.

Gawar ɗansa Angus aka fara samu, a mararrabar da ciyawa ta rufe dogonta, tirelarsa a murƙushe kamar gwangwani. Daga nan kwanuka suka riƙa kaɗawa a gidan kullum da azahar, kamar jirgi na wucewa. Matarsa Glenys ta shiga wangale ƙofar gaba da ta baya, tana jan baƙi da ƙarfi wai su sauka daga kan layi. Ranar da ta kwanta a tsakar falo ta ce ta gaji da kaucewa, aka kai ta asibiti. Direbobi suka gudu. Lindsay ya koma tashar, ya tarar rufi ya rufta, babu Vukas.

Duk mai kwaɗayin da ke neman arziki a cikin rigimar wasu, ya sani hanyar da ya toshe wa jama'a ta cikin ɗakinsa za ta ɓulle.

'Yarsa Merrin ta zo da mota. "Baba, ɗauko jakarka."

Ya gaya mata komai, bai ɗago kai ba.

"Angus ya sani?" ta tambaya.

"A'a."

Kwanuka suka fara kaɗawa. Ya tura ta waje.

"Duk inda na je, nan layin yake," ya ce. "Ni ne mai shi. Ni zan tsaya wa jirgin."

Ya rufe ƙofa.