Ayarin da ke Bi ta Kan Juwairiyya

Rahma na kwashe tuwo, ladan na gyaran murya, sai dutse ya faɗo kan kwanon sabon ɗakin da mijinta Bishir ya gina a bayan gidansu na Kankia. Wani ya biyo. Kaji suka yi tsit. 'Yarsu Juwairiyya ta saki tulun da ke hannunta, ta durƙushe kamar an aza mata buhun gero.

Tun daga ranar, da rana ta yi ja sai ta faɗi. Muryoyi su yi ta fita daga bakinta, ta tsoho, ta mace, ta jinjiri, wata na wucewa wata na shigowa. Yarinya ta rame har awarwaro na zame mata.

Bishir ya ɗauko Malam Ashafa daga Kusada. Malam ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa rawaninsa, kafin wata murya mai kauri ta amsa.

"Hanyarmu ubanta ya toshe da gini. Ayari muke, ta kanta muke bi."

"In an rushe ɗakin hwa?" in ji Malam.

"Mun riga mun saba da ita. Sai ta ƙare."

Shi Bishir, bawan Allah, komai na duniya da idon aikinsa yake kallonsa. A cibiyar jarrabawar kwamfuta yake, inda wata na'ura ke raba buƙatun ɗalibai tsakanin manyan kwamfutoci uku, wannan ta karɓa, ta gaba ta karɓa, don kada lodi ya taru wa ɗaya ta mutu. Tausayin 'yarsa ya rufe masa ido.

"Allah gafarta Malam, a raba muna su. Kowa ya ɗauki nashi."

"Bishir, ba a ciniki da su."

"Ɗiyata mutuwa take, Malam."

Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Mun yarda. Duk mai rai a gidan ga, bi da bi. Wanda ya faɗi, rabonshi ya koma kan saura."

Bishir ya san wannan ƙa'idar. Ya sha ganin kwamfuta ɗaya ta mutu, sauran su ɗau zafi su bi ta. Ya daure ya ce, "Mu huɗu ne. Ni, Rahma, Innata, da yarinyar."

"Ku biyar," in ji muryar, ta tafi.

Juwairiyya ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa. Rahma na tsaye bakin ƙofa, hannu biyu dafe da cikin da ko Bishir ba ta gaya wa ba tukuna.