Askin Makoki a Durban

Tiyanjane na tuƙa nsima, tuwon masara irin na ƙasarsu Malawi, a ɗan kicin ɗinsu da ke Durban sai wayar mijinta Lonjezo ta yi ƙara. Yayarsa Nachisale ce daga Malawi. Mahaifiyarsu ta rasu.

Muciya ta suɓuce wa Tiyanjane. Tsohuwar nan ta riƙe ta kamar 'yar cikinta.

"Gobe ku hau bas!" in ji Nachisale cikin kuka. "Matar ɗa ke tuƙa tuwon makoki, kuma da ita ake aski bayan binnewa. Ba sai na koya muku ba."

Ga inda gizo ke saƙar. Tiyanjane nas ce, shekara huɗu da wata takwas tana aiki da biza, ba ta taɓa saɓa doka ba. Saura wata huɗu ta cika biyar, ta nemi takardar zaman dindindin. Bizarsu ta ƙare, sabuwar ta maƙale a ofis, rasit kaɗai ke hannunsu. Wanda ya tsallaka boda a haka, hatimin hana dawowa za a buga masa.

"Don Allah ka tsaya mu yi tunani," ta ce da mijinta. "In muka fita duka, shi ke nan, shekara biyar ta bi ruwa!"

"Tiya, uwata ce fa ke kwance!"

"Ni ba uwata ba ce?"

"To ɗauko jakarki."

Ba ta ɗauko ba. Ya tafi shi kaɗai, ko sallama bai yi mata ba. A boda kuwa aka buga masa hatimin.

Ranar aski, Tiyanjane ta shiga banɗaki da reza, ta aske kanta tas tana kuka, ta tura wa dangi hoto. Amsar Nachisale ba ta jima ba.

"Askin hoto! Ki ajiye abinki, 'yar takarda. Maƙwabta ne suka tuƙa wa uwarmu tuwo, don kunya!"

Mutum da ciwonsa, a zo a zuba masa barkono. Dangi suka taso Lonjezo gaba ya sake ta. Wata uku bai ɗaga wayarta ba. Ran da ya ɗaga, cewa ya yi, "Ban sake ki ba, ba zan kuma sake ki ba. Amma raina bai huce ba."

"Zan jira," ta ce.

Ta jira kuwa. Shekara biyu tana ɗaukar fasfo zuwa ofis, ana ce mata ta dawo. Da takardar zaman dindindin ta fito, ita ce ta ba lauya ƙafar tsayawa har aka janye wa Lonjezo hatimin. A makon ta hau bas zuwa Malawi.

Lonjezo ne ya tarye ta a tasha, ya rame. Ya daɗe yana kallonta.

"Gashinki ya fito," ya ce. Sai hawaye.

Sai da ta fara ziyartar kabarin surukarta. Daga makabarta ta wuce madafa, ta ɗora babbar tukunya, ta tuƙa tuwon da ba ta tuƙa ba. Dangi suka cika gida, suka cinye tas. Nachisale ta matso tana murmushi.

"Amaryarmu ta kanmu! An ce yanzu ke 'yar ƙasa ce a can. Ga mijina nan zaune ba aiki..."

Tiyanjane ta dube ta. "Yaya, 'yar takarda kike roƙo?"

Nachisale ta sunkuyar da kai.

Haƙuri ya dawo wa Tiyanjane da mijinta, ya ba su wurin zama. Amma kafin ku yanke wa na nesa hukunci, ku tambayi abin da ya ɗaure masa ƙafa. Waɗanda suka zage ta sun samu gafara da cikakken ciki. Ita kuwa har gobe ba ta ga fuskar tsohuwar da ta so ta ba.